Farantin Lita

A saman kabad ɗin ɗakina akwai farantin da ba na barin kowa ya zuba abinci a ciki. Kun san shi, farin nan mai shuɗin fure a baki wanda gefensa ya ɗan ɓantare. Tun kuna yara kuke ce masa farantin Lita, kuma labarin da kuka tashi da shi shi ne babanku ya kori matar nan 'yar Filifin daga benenmu na unguwar Waziriyya, ita kuma ta bar mini shi don tunawa. Kai Yusuf, har a kwanakin zaman makokin babanka, bayan baƙi sun watse, na ji kana ba matarka wannan labari ƙasa-ƙasa, kana cewa Allah ya jiƙansa amma zuciyarsa tana da tauri. Ina zaune kusa da ku da carbi a hannu, na ji, na ci gaba da jan carbina. Babanku yana da halinsa, ba zan wanke shi tas ba don ya mutu. Mutum ne da zai tayar da gida a kan takalmin da aka bari a bakin ƙofa. Amma wannan laifin ba nasa ba ne, nawa ne, kuma na gaji da barin mamaci yana ɗaukar mini kaya.

Da Hausa nake rubutawa don da ita abin yake zaune a raina. Ke Amina za ki karanta wa yayanki, tunda shi Hausarsa a kunne ta tsaya, ba ta taɓa saukowa baki da kyau ba. Ku bar ni in kai ƙarshe kafin wani ya ce mini shi ke nan, ya wuce. Bai wuce ba.

A unguwar Ruwais aka haife ni, nan ƙasa mai tsarki, a gidan da kakana ya kafa bayan ya iso aikin hajji a ƙafa ya ƙi komawa. Gida ne da ba a san rufe ƙofa ba. Wannan tana suyar masa a tsakar gida, waccan ta shigo aron turmi, yara suna bi ta tsakanin ƙafafun manya, ana faɗa ana shiri duk kafin azahar. Ban san mene ne shiru ba sai da na haura shekara ashirin da biyar. A shekara guda abubuwa suka taru mini: Innata ta rasu, gidan Ruwais ya watse kowa ya kama gabansa, babanku kuma ya samu aikin tuƙin tirela zuwa gabas, ya kama mana haya a hawa na biyu na wani bene a Waziriyya don ya fi kusa da garejinsu. Sai ya yi kwana goma, sha biyu, bai dawo ba. Yusuf yana ajin farko, Amina tana goye. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne ina jin, amma kowa ƙofarsa a rufe, ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Na yi wata uku ban yi hira da babban mutum ba in ban da mai gadin benen, shi ma daga sallama sai "gas ya ƙare". Har magana na fara yi ni kaɗai. Ba wasa nake muku ba: ina tuƙa tuwo ina ba Innata labarin ranar da ƙarfi, sai in tuna babu ita, in zauna a ƙasan kicin in yi ta kuka har tuwon ya kama.

A saman bene na gamu da Lita, wajen igiyar shanya. Akwai wani ɗan ɗaki na bulo a bayan tankunan ruwa da na ɗauka ma'ajiyar tarkace ce, sai rannan na ji ƙamshin kwakwa da na sukarin da ya fara ƙonewa yana fitowa daga ciki. Na leƙa. 'Yar ƙaramar mace ce, ta girme ni da kamar shekara goma, ta tsugunna gaban risho tana juya wani abu a tukunya da hannu biyu, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Da ta gan ni ta miƙe a firgice. Na ce ta zauna abinta, shanya ce ta kawo ni. Daga baya na san dalilin firgicin. 'Yar aiki ce da ta gudu daga gidan da aka kawo ta, fasfonta yana hannunsu, ba ta da iƙama, takardar da baƙo ba ya zama a ƙasar nan sai da ita. Mai gadi ne ya ba ta ɗakin a ɓoye, tana yi wa mutanen benen guga da ɗinki. Abin da ya kore ta daga wancan gidan ba ta taɓa gaya mini duka ba, ni kuma ban tona ba.

Da la'asar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da farantin nan a hannu. An shimfiɗa ganyen ayaba a ciki, a kai ga wata shinkafa ja mai sheƙi an yanka ta gida-gida, an barbaɗa wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙanzo. Na karɓa, amma fuskata ta nuna, don ga ɗan gicciye nan a wuyanta. Larabcinta guntu-guntu ne irin na 'yan aiki, amma ta gane ni sarai.

"Babu haram, Madam. Shinkafa, kwakwa, sukari. Halas."

"Mene ne sunansa?"

"Biko."

Na yi dariya, don a wurinmu biko bin matar da ta yi yaji ne. Na gaya mata, ita ma ta dara, maganar ta wuce. Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar Inna. Da na rufe ƙofa na ɗanɗana: yana kama haƙori, zaƙinsa irin na mazarƙwaila, ga maiƙon kwakwa. Na cinye rabi a tsaye, ni da na gama yatsine fuska.

To, ga inda al'adarmu ta shigo. A Ruwais faranti ba ya komawa gidansu wofi. Duk wadda ta aiko miki da abinci, sai kin zuba wani abu a kwanonta kafin ki mayar, ko dabino uku ne. Innata takan ce mayar da kwano wofi daidai yake da ce wa mutum kada ya ƙara aikowa, kuma na taɓa shan mari a kan haka ina shekara tara. Washegari na soya masa na cika farantin na hau. Lita ta ce a'a, ba don a biya ta ta kawo ba. Na zaunar da ita na yi mata bayani da baki da hannu: ba biya ba ne. In farantinki ya shiga gidana, ki jira, zai fito da wani abu ko da ya daɗe. Ta maimaita kamar mai karatun allo, faranti ya shiga, in jira, zai fito. Ni na koya mata wannan da bakina, ku riƙe shi a ranku.

Shekara guda cur farantin nan yana hawa yana sauka. Ya hau da masa, ya hau da dambu, ya hau da tuwo da miyar kuka da ta duba ta duba ta ce kalarta ba ta yi mata ba, sannan ta sauko neman ƙari. Yajinmu ya sa ta hawaye har sau biyu kafin na koyi rage hannu. Na hana ta ce mini Madam. Madam a ina, ni da nake wanke-wanke da goyo a baya? Sai ta koma kirana Rakya, don Rakiya ta yi mata tsawo. Tunda ba ta iya fita nesa, ni nake sayo mata shinkafar nan mai danƙo da kwakwa in na shiga kasuwar Bab Makka sayen yadi, a wani lungu da 'yan ƙasarsu suke da shaguna. Ran da za a yi biko sai in hau da sassafe bayan Yusuf ya tafi makaranta. A kankare kwakwa a matse. Madarar farko ita ake dafawa har ta saki mai ta zama 'yan ƙwayoyin nan na sama. Ta biyu a dafa da jan sukari har ta yi kauri, a juye dafaffiyar shinkafa a ciki, sai tuƙi. Tuƙin shi ne aikin, har kafaɗa ta yi tsami. Ta ce hannuna ya fi nata ƙarfi, na ce yarinya, a kan tuwon mutum ashirin na tashi, wannan wasa ne. Na kawo muciyata na bar ta a can.

A bangon ɗakinta akwai hoton 'yarta Nina da kayan makaranta. Tana shekara huɗu ta bar ta wurin kakarta, a lokacin kuwa ta kai sha ɗaya. In ina tuƙi sai ta kwance Amina daga bayana ta rungume ta, ta yi ta shaƙar kanta. Rannan tana haka ta ce mini,

"Ke mamanki ta mutu. Ni 'yata tana raye, amma in na kira sai ta ba kakarta waya. Wa ya fi?"

Na ce, "Riƙe mini tukunyar dai, zai kama."

Haka muke, ba ma cika tona ciwo, sai dai mu zauna kusa da juna. Da azumi ya zo ba ta yi, amma ba ta cin komai a gabana, kuma ta san lokacin magariba fiye da agogo. Kafin ladan ya buɗe baki farantin yana bakin ƙofata. Babanku ya san da ita. Ita take goge masa jallabiyoyinsa, kuma in ya dawo daga tafiya yakan ce a kai wa matar sama rabonta na tsaraba. Abin da kawai ya taɓa ce mini shi ne in yi hankali. A shekarar nan na daina magana da tukunya.

Sai aka shiga lokacin kame. Masu duba takardu suna bin unguwa-unguwa, bene-bene, kuma maganar da take yawo ita ce duk wanda aka samu ya ɓoye marar takarda, shi ma za a tasa ƙeyarsa da iyalinsa. Ku da yanzu takardunku suke a waya ba za ku gane abin da wannan yake nufi gare ni ba. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Innata, amma fasfona na ƙasar da ban taɓa takawa ba ne. Mijin 'yar goggona an mayar da shi Kano a irin wannan lokaci, garin da bai san ko titi ɗaya ba, matarsa ta bi shi da yara huɗu tana kuka. Ga shi kuma iƙamar babanku ta ƙare, tana hannun kafilinsa, mutumin da yake tsaya masa wajen hukuma, wai ana sabuntawa, mu kuma duk a kan tasa muke. Shi yana can kan hanyar gabas, ba waya a hannu a zamanin. In na ji mota ta tsaya a ƙasa sai in lallaɓa bakin ƙofa in kasa kunne. Ba ina faɗa muku wannan don ku ce na yi daidai ba. Ina so ku san tsoron na gaske ne, shi ke nan.

Ran Laraba ce, bayan azahar, rana tana dukan bango. Yusuf bai dawo daga makaranta ba. Na ji ƙwanƙwasarta, sau biyu a hankali kamar kullum. Na buɗe na gan ta da baƙar abaya, abin da ba ta sawa sai za ta fita, da 'yar jaka a kafaɗa, farantin a hannu cike da biko. Sauran shinkafarta duka ta dafa.

"Rakya, mai gadi ya ce in bar sama yau. Gobe za su zo."

"Ina za ki?"

"Ƙawata za ta zo ran Asabar ta kai ni ofishin ƙasarmu, daga nan gida. Kwana uku kawai. Ina kwana a kicin, ba na magana, ba na tari."

Ta miƙo mini farantin. Hannuna ya karɓa da kansa, don ba a barin mutum riƙe da faranti a bakin ƙofa. Na dube ta, na dubi matakalar da take bayanta, kamar ina ganin mutane suna hawowa. Abin da ya kamata in ce ɗaya ne cikin biyu, ko shigo, ko yi haƙuri ba zan iya ba. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ji kaina ina cewa,

"Tsaya in juye. Kin san ba ya komawa wofi."

Ta yi murmushi, har kafaɗarta ta sauka. "Na sani. Ina jira."

Na tura ƙofa, na zura sakata a hankali don kada ta ji. Ta ji ko ba ta ji ba, Allah ne masani. Na shiga kicin na juye bikon a kwano, na wanke farantin, na goge, har na ɗebo dabino na zuba. Wallahi a lokacin ina gaya wa kaina yanzu zan buɗe, bari dai in yi tunani minti ɗaya. Minti ɗaya ya zama goma. Da ya kai rabin awa sai kunya ta shigo ta tarar da tsoro, suka haɗu suka danne ni: yanzu in na buɗe me zan ce mata? Na zauna a ƙasa da farantin a cinya. Ina jin motsinta ta bayan ƙofa, ta zauna a matakala, ta tashi, ta gyara jaka. Amina ta farka za ta yi kuka, na yi maza na sa mata nono a baki don kada a san muna ciki, kamar akwai wani wurin da za mu je. Can wajen la'asar ta ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Rakya. Ba sai kin cika ba. Ko wofi, kawo."

Ban amsa ba. Aka kira salla, aka idar. Sannan na ji takunta, ba sama ta yi ba, ƙasa ta sauka, a hankali, har ƙofar benen ta yi ƙara. Yusuf ya makara ranar don motar makaranta ta lalace. Da ya shigo ya tarar da biko a kwano ya ci har ya lashe yatsa, ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na ce albasa ce.

Washegari suka zo kamar yadda mai gadi ya faɗa. Suka duba shagunan ƙasa, suka hau sama suka leƙa ɗakin bayan tankuna, suka tafi. Ko kallon ƙofarmu ba su yi ba. Da suka wuce na hau da farantin, da dabinon nan a ciki, kamar mahaukaciya. Ɗakin a buɗe, risho a gefe, an cire hoton Nina, muciyata a jingine da bango an wanke ta tas. Ran Asabar na yi ta leƙen taga ko zan ga ƙawar tata. Ban ga kowa ba, ko ta zo ban gane ta ba.

Babanku ya dawo ran Lahadi da sabuwar iƙama a aljihu. Ashe tun kafin ya tafi kafilin ya gama, a gareji ya bar masa. Ya kawo tsaraba, ya ware ta matar sama, ya ce in kai mata. Sai na gaya masa. Duka na gaya masa, har sakatar. Bai taɓa ɗaga mini murya irin ta ranar ba, kafin nan da bayan nan.

"Mace ta tsaya a ƙofata tun azahar har la'asar? A ƙofata, Rakiya?"

Na ce, "Don ku na yi. Da an kama mu fa?"

"Ban ce ki ɓoye ta ba. Ni ma ban san abin da zan yi ba da ina nan, wataƙila da na ce a'a. Amma da kin faɗa mata. Da kin ce mata a'a tun azahar, da ta samu rana ta nemi wani wuri. Kika karɓi abincinta kika ce ta jira."

Wannan faɗan ka ji daga ɗaki, Yusuf. Ka ji babanka yana tsawa, ka ji sunan Lita, ka ga ina kuka, ka ga ba ta ƙara saukowa ba, sai ka haɗa labarinka irin na yaro. Abin da ba ka sani ba shi ne kwana biyun hutunsa duka a Bab Makka ya ƙare su, yana bin shagunan 'yan Filifin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wa zai gaya wa baƙon namiji inda marar takarda take? Kowa ya ce bai san ta ba. Mu ma ashe ba mu san ta ba: Lita kawai muka sani, ba sunan uba, ba sunan gari sai wani da take faɗa ban taɓa iya riƙewa ba. Ya dawo ya zauna ya cire takalmi, bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Sau ɗaya na yi yunƙurin gyarawa. Kana shekara sha biyar, kun yi cacar baki da shi, ka jefa masa maganar cewa ai shi ne ya kori baiwar Allah ba tausayi. Na buɗe baki, ya harare ni na yi shiru. Da ka fita ya ce mini,

"Bar shi. Ni kwana goma ba na gida, ya ji haushina ba komai. Ke yake gani kullum."

Na karɓi wannan kyautar, kuma bai kamata in karɓa ba. Na ji daɗin zama uwa mai tausayi a idonku. Shekara talatin da wani abu ina cin wannan suna, shi yana biya.

Abin da ya biyo baya ku kun gani, ba ku dai san dalilinsa ba. Ke Amina kin sha tambayata me ya sa ba na aika wa maƙwabta abinci kamar sauran matan Ruwais, kuma in an aiko mana sai in sa ki juye a tsaye ki mayar nan take da ɗan abin da ya samu, ƙofa a buɗe. Na ce miki ba na son shisshigi. Ba haka ba ne. Ba na iya rufe ƙofa da farantin wani a hannuna. Mun tashi daga benen nan, mun zauna wurare uku, ban ƙara yin ƙawa irin ta ba, ba don babu mutanen kirki ba. Na koma zama ni kaɗai kamar watannin farko na Waziriyya, sai dai wannan karon ban da wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada yin biko sau da yawa in ba kowa a gida. Yana yin kyau, hannuna bai manta ba, amma ba na iya haɗiyewa, sai in ba ku ku cinye.

Bara da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, na ce ki nemo mini kalmar biko a wayarki, wai ko zan ga fuskar Lita a cikin masu dafawa. Tunanin tsufa ke nan. Kika buga, sai ga hoton wani mutum, ɗan gwagwarmayar siyasa na wata ƙasa wanda ya daɗe da mutuwa, wai shi ma sunansa ke nan. Kika karanta mini cewa ya tsaya wa mutanensa har ƙarshen ransa, kina mamaki. Na ce ba shi nake nema ba, ki wuce. Kin ɗauka gajiya ce ta sa na juya fuska bango. Ni kuwa lissafin kwana uku nake yi, da ƙasan kicin, da matar da ta ce ba za ta yi ko tari ba. Daga ranar na fara neman takarda da biro.

Ban san ko ta kai Asabar ba. Ban san inda ta kwana ran Laraba ba, ko an kama ta a hanya, ko ta isa gida Nina ta gane ta. In tana raye yanzu ta tsufa fiye da ni. Ina yi mata addu'ar alheri yadda na iya, Allah ya san abin da nake nufi.

Abu biyu nake so. Yusuf, ka roƙa wa babanka gafara da zuciya ɗaya, ka kuma gyara labarin wurin matarka da 'ya'yanka, da sunana a inda ka sa nasa. In ka ji haushina ka zo ka faɗa mini ido da ido, ina nan, ƙofar a buɗe take. Na biyu, ran da na mutu kada ku sa farantin nan cikin kayan gado, kada kuma wata ta ɗauka don tunawa da ni. Ba nawa ba ne, ba kyauta aka ba ni ba. Karɓa na yi in juye. Na ce mata ta jira, ta kuwa jira.